Rantsuwar Hajiya Ummusalma

Kwana uku ke nan wayar Nura, saurayin Amatullahi, a kashe.

Amatullahi ta hau keken ɗinki, ta sauka. Ta leƙa taga, ta dawo. Rigar da aka kawo mata tun Litinin, sau biyu tana ɗinke hannunta a baibai tana farkewa. In ta ji ƙarar mota a layinsu na Kwararafa sai ta saki almakashi, ta leƙa, ta ga ashe mai kai buhunan dankali ne.

Gidan Baturiya ake ce wa gidansu, kuma sunan ba na banza ba ne. Kakarta Hajiya Ummusalma, wadda ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta, fara ce tas, idonta kamar na mage, ga Hausa a bakinta kamar 'yar Kano. Uwar Hajiya wata Barbara ce, 'yar sarautar ƙasar Rasha, can inda sanyi ke daskarar da kogi har doki ya bi ta kansa da amalanke. An ce gidan ubanta ɗaki saba'in ne, kuma akwai bawan da aikinsa kawai murɗa agogo. Talakawa suka yi bore, aka kashe na kashewa, aka gudu da ita tana 'yar shekara takwas. A Landan ta girma tana ɗinki, a can ta auri ƙaramin ɗan wani basaraken Ingila, irin waɗanda ake ce wa Lod. Da yake ƙaramin ɗa ba ya gado a ƙasarsu, sai ya ɗauko ta suka taho Jos haƙar kuza.

Duk wannan dangin Nura sun sani. Sun yi binciken asali, sun ji cewa Hajiya ta musulunta tun tana budurwa, ta auri telan da ke taka wa uwarta keke, ta je Makka sau biyu. Ba su ga abin ƙi ba.

Ranar Asabar ce ta ɓata komai.

Baffa Jika, wan mahaifin Nura, shi ya zo neman aure da dattawa biyu. Shi ya riƙi Nura maraya, shi ya sa shi a shagonsa na kayan gyaran mota a Laranto. Nura ya tuƙo su, ya tsaya cikin mota a waje kamar yadda aka saba. Maza suka gama magana a zaure lafiya, aka yi addu'a, sannan baƙi suka shiga gaida Hajiya. Amatullahi tana uwar ɗaka, ta manna ido a jikin labule.

An sha shayi, an taɓa raha. Da suka miƙe, Baffa Jika ya ce, “Hajiya, mu za mu koma. Daga nan ma Bauchi muka nufa, ta'aziyya.”

“Bauchi? Yau ɗin nan?” in ji Hajiya. “To, ku zauna.”

“Ai mun zauna, Hajiya, mun gode.”

“Ku zauna na ce. Kada wanda ya yi magana.”

Ta tashi da sandarta ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna, ta ɗora hannuwa kan gwiwa, ta runtse ido.

A gidan wannan ba wani abu ba ne. Duk mai tafiya, ko Bukuru za shi in dai da jaka, sai kowa ya zauna an yi shiru ɗan lokaci, sannan Hajiya ta ce bismillahi, a tashi. Amatullahi ta girma tana tsammanin haka ake yi a kowane gida. Sai da ta ga fuskar Baffa Jika ta cikin labule ta gane ba haka ba ne.

Dattijon ya dubi ƙofar da aka rufe. Ya dubi farar tsohuwa da ido a runtse, leɓenta na motsi kaɗan. Ya dubi abokan tafiyarsa. Sai ya yi zumbur ya miƙe.

“A'uzu billahi! Malam, ku tashi mu fita!”

Takalminsa ma a hannu ya fita da shi.

Tun daga nan shiru.

“Amatu! Bar wannan riga kafin ka kashe shi.”

Nkiruka ce, mai shagon zare da maɓallai a jikin gidansu, ta shigo tana naɗe lema. Tare suka yi firamare, kuma har yau Hausarta ba ta raba mace da namiji.

“Daga Laranto nake,” in ji ta. “Na wuce shagon Oga Jika. Mutane cike kamar ana raba shinkafa. Ka san me ya faru da su ran Asabar? Taya ya fashe a Tina Junction, hanyar Bauchi. Mota ya kusa hawa kan mai gasa masara.”

“Innalillahi! Nura fa?”

“Saurayi naka lafiya, ko ƙwarzane babu. Amma Oga Jika yana rantsuwa wai kaka naka ne ya ɗaure su da juju. Wai da bai tashi da sauri ba, da yanzu ana zaman makoki nasa.”

Amatullahi ta dafe kai.

“Kuma ba shi ke nan ba,” in ji Nkiruka, ta rage murya. “Wannan Abdulfatah mai tireloli, da ka kore shi bara, yana wurin yana dariya. Ya ce shi juju na Turawa ba ya kama shi, a ba shi yarinya.”

“Allah ya kiyaye!”

“To ka yi sauri. Maza ba su da haƙuri, dangi nasu kuma sun fi su.”

Bayan azahar hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Shere, aka fara yayyafi. Cikin yayyafin aka yi sallama a zaure. Muryar kawai ta isa ta gane ko wane ne. Amatullahi ta ja mayafi, ta fita ba ta ko nemi takalmi ba.

Nura na tsaye, rigarsa a jiƙe, idonsa ja.

“Kwana uku, Nura. Kwana uku! Ko gawa ce ai a kan aiko a ce an binne.”

“Baffa ya karɓe wayar, Amatu. Yanzu ma cewa na yi zan kai wa wani bakanike kaya.”

“Kai ma ka yarda? Ka yarda Hajiya matsafiya ce? Sau nawa ka zauna tare da mu a falon nan in za ka Legas saro kaya? Wani abu ya taɓa samunka?”

“Wallahi na faɗa masa. Na ce tayar nan tun watan jiya nake cewa a canza ta, ta suɗe kamar tafin hannu. Ya ce wannan ma shaida ce, an riga an shanye ni.”

Ta jingina da bango, hawaye suka zubo.

“To yanzu me ya rage? Ka zo ka ce mini in yi haƙuri?”

“Na zo da sharaɗi.” Ya sunkuyar da kai. “Na kwana biyu ina roƙo, na sa limamin unguwarmu ya sa baki. Baffa ya ce zai dawo gobe da hantsi, da dattawan nan biyu. Hajiya ta dafa Alƙur'ani, ta ce abin da ta yi tsafi ne ta gada wajen uwarta, ta tuba, kuma ba za a sake yin sa a gidan nan ba. In ta yi, a sa rana. In ba ta yi ba, ya ce ko sunanki na sake kira bai yafe ba.”

“Ta ce uwarta matsafiya ce?”

“Baki ne kawai, Amatu. Minti ɗaya. Allah ya san zuciyarta.”

“Kai za ka iya faɗar haka a kan taka uwar?”

Ya kawar da kai. Ruwa na zuba daga indararo tsakaninsu da titi.

“Ni maraya ne,” ya ce can. “Ba ni da uban da ya wuce shi. Kuma ba ni da wadda nake so sai ke. Ki gaya mini yadda zan yi, in yi. Shekara biyu ina zuwa zauren nan. Ki roƙe ta, don Allah. Ke kaɗai take jin maganarki.”

Ya tafi cikin ruwa. Ta daɗe tsaye tana kallon inda ƙafarsa ta jiƙa siminti.

Hajiya na ɗakinta gefen tukunyar shayinta, wata doguwar aba ta tagulla mai famfo a ciki da bututun gawayi a tsakiya, wadda ta tsallako teku uku kafin ta iso Jos. Amatullahi ta durƙusa, ta kifa kai a cinyarta, ta faɗa mata duka, tana yi tana shessheƙa.

“Tayarsa ta fashe?” in ji Hajiya. “Ai dole. Mutum ya tashi ba a gama zama ba.”

“Hajiya, don Allah ba wasa nake ba!”

“Ni ma ba wasa nake ba.” Ta dafa kafaɗar jikarta. “Kin san abin da nake karantawa in na rufe ido? Ayatul Kursiyyu. Shekara sittin ke nan. Mama kuwa ba ta karanta komai. Ta ce zaman don mutum ya tuna abin da ya manta ne, ya kuma kalli fuskar mutanensa da kyau, ko ba zai ƙara ganinsu ba. Ranar da za su gudu daga Rasha, sojoji na bakin gari, ubanta ya sa kowa ya zauna kan akwati, har masu dafa abinci. Suka fita da ransu.”

Ta zuba shayi, ba ta sha ba.

“Ina 'yar shekara bakwai aka bugo wa Baba waya daga Ingila, wansa ya mutu, sarauta ta faɗo kansa. Dama danginsa ba su taɓa son Mama ba. Suna ce mata gimbiya mai allura, mai sarauta ba ƙasa. Ya ce zai je da yayana Nikolas, tunda shi ne magaji, in ya daidaita al'amura ya aiko mana. Ran tafiya suka makara. Mota na ƙofa, Mama ta ce, Edward, mu zauna. Ya dubi agogo ya ce jirgin ƙasa ba ya jiran al'adar Rasha. Ya ja hannun Nikolas suka fita. Yayana na waiwaye, hularsa a karkace. Ban ko kalle shi da kyau ba, ina fushi ya ci mini alewa.”

“Ba su dawo ba,” in ji Amatullahi a hankali. Ta san wannan, amma ba ta taɓa jin zancen agogon ba.

“Takardar lauya ce ta dawo, ta rabuwar aure. Mama ta sayar da sarƙoƙinta ɗaya bayan ɗaya, ta sayi keke biyu, tana ɗinka wa matan Turawan kuza riguna, waɗanda a da su ke rusuna mata. Duk ranar Talata sai ta je gidan waya ta duba ko wasiƙa ta zo. Shekara ashirin da bakwai, har ta rasu. Ranar da zan tare gidan kakanki, duk Turawan Jos sun daina gaishe ta don ta ba tela baƙar fata 'yarta. Ba ta damu ba. Ta zaunar da 'yan ɗaukar amarya kaf, har da masu guɗa, suka yi tsit. Ta kalle ni, ta kalle ni, sannan ta ce tashi.”

Amatullahi na kuka sosai yanzu. Amma tsoro ya fi tausayi ƙarfi a ranar.

“Hajiya, ita ta riga ta tafi, ba za ta ji ba. Ni ce a raye. In Nura ya kuɓuce mini ban san yadda zan yi ba. Minti ɗaya ne, Hajiya. Baki ne kawai.”

Da ta ji maganar Nura ta fito daga bakinta, sai kunya ta kama ta, amma ba ta janye ba.

Tsohuwar ta daɗe tana shafa kan jikarta.

“Shi ke nan,” ta ce. “Ki share falo gobe. Ki sauko mini da Alƙur'anin kakanki.”

Washegari Amatullahi ta share falon sau uku. Ta jera kofuna, ta kwashe, ta sake jerawa. Ta ƙona hannu a gawayi ba ta ji ba. Abin da ta roƙa an ba ta, amma zuciyarta ta ƙi zama wuri ɗaya.

Da hantsi suka iso. Baffa Jika ya ƙi kujera, ya ce a bar ƙofa a buɗe, ya zauna dab da ita. Dattawan biyu suka zauna gefensa. Wannan karon ya shigo da Nura, wai ya gani da idonsa. Shayin da aka zuba ba wanda ya taɓa.

Hajiya ta fito da alwalarta, cikin farin hijabi, tana dogara sanda. Amatullahi ta riƙo Alƙur'anin a cikin gafakarsa, ta durƙusa gabanta.

“Hajiya, ba wulaƙanci muka zo yi ba,” in ji Baffa Jika. “Ke uwa ce. Amma zuri'a za mu haɗa, kuma ni amana aka bar mini. Abin da zan faɗa shi za ki maimaita.”

“Ina jinka, Alhaji.”

Ta ɗora hannu. Jijiyoyin hannun shuɗɗa sun fito.

“Ki ce, na rantse da wannan Littafi.”

“Na rantse da wannan Littafi.”

“Cewa abin da na yi ranar Asabar tsafi ne.”

Hajiya ta maimaita: “Cewa abin da na yi ranar Asabar…”

“Wanda na gada wajen uwata, matsafiya.”

Tsohuwar ta buɗe baki. Hawaye guda ya gangaro ta gefen hancinta. Tun da Amatullahi ta yi wayo ba ta taɓa ganin hawayen Hajiya ba, ko ranar da aka kawo gawar mahaifin Amatullahin.

Amatullahi ba ta san lokacin da ta janye gafakar ta rungume a ƙirji ba.

“A'a. Kada ki faɗa, Hajiya.”

“Ke, yarinya!” in ji ɗaya daga cikin dattawan.

“Ku yi haƙuri, Baba. Baffa, ka yi haƙuri.” Ta ɗago ta dubi Baffa Jika. “Ni na tilasta mata. Na kwana ina roƙonta ta yi ƙarya a kan Littafin Allah don in samu miji. Ba tsafi ba ne, kuma ta san ba tsafi ba ne. In ta rantse, zunubin a kaina yake. Ayatul Kursiyyu take karanta muku, Baffa, don ku isa Bauchi lafiya. In auren nan sai an zagi wadda ke kabari za a ɗaura shi, na haƙura.”

Ta juya ga Nura, hawaye sun rufe mata ido har ba ta ganinsa sosai.

“Na haƙura, Nura. Ka yafe mini.”

Baffa Jika ya miƙe yana gyara babbar riga.

“Kun dai gani. Alƙur'ani ma an hana ta dafawa. Alhamdu lillahi da Allah ya nuna mana tun yanzu. Nura, mu tafi.”

Nura ya tashi. Amatullahi ta runtse ido don kada ta ga fitarsa.

Ba ta ji takun fita ba. Ƙarar ƙarfe ta ji. Ta buɗe ido ta gan shi durƙushe gaban baffansa, ya ciro tarin mukullai daga aljihu ya riƙe da hannu biyu.

“Mene ne wannan?”

“Na shago ne, Baffa, da na sito, da na mota.”

“Na ce mene ne wannan!”

“Kai ka koya mini, ko taya tsohuwa ce kada in rantse wa mai saye cewa sabuwa ce. Ka taɓa marina a kan haka ina ɗan shekara goma sha biyu. Jiya ni na zo na ce a yi rantsuwar ƙarya, ita ta hana. Baffa, ban iya barin yarinyar nan ba. Ban kuma iya ci gaba da cin abincinka ina saɓa maka a ɓoye ba.”

Baffa Jika ya dubi mukullan, ya dubi Nura.

“Nura, ni? Ni da na ɗauko ka daga kan gawar ubanka? In na taka ƙofar nan ba ka biyo ni ba, ba ni ba kai. Ba shago, ba ɗaki, ba waliyyi. Ka nemi wanda zai karɓa maka aure a tasha.”

“Ka yafe mini, Baffa.”

“Alhaji, a bi a hankali,” in ji dattijo na biyu. “Yaro ne.”

Baffa Jika ya fizgi mukullan, har ɗaya ya yanki yatsan Nura. Ya fita. Dattawan suka bi shi suna salati. Daga cikin falo ana jin sa a waje yana ƙwala wa mai Keke Napep kira, don duk cikinsu ba wanda ya iya tuƙi.

Nura na nan durƙushe inda aka bar shi, jini na ɗiga kan tabarma. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ƙato da shi, yana kuka kamar yaron goye.

Hajiya ta share fuskarta da gefen hijabi.

“Ke, ajiye Littafin ki samo tsumma, angona zai ɓata mini tabarma.”

Amatullahi ta yago ƙyalle daga kwandon ɗinki, ta miƙa masa. Ya naɗe yatsan bai ɗago ba.

“Nura,” ta ce a hankali. “Yau a ina za ka kwana?”

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi ƙofar da baffansa ya bi.

“Wallahi ban sani ba, Amatu.”